Tsimin Malama

Duk wanda ya san Malama Radiyya a unguwar Takur ta Dutse ya san farar kujerar robar nan tata. Ita ake ɗaukar mata zuwa ajin matan aure na Islamiyya, ita ake sa mata a gidan suna da gidan gaisuwa, kuma a kanta take sallah shekaru ke nan. In kana son ka ga ɓacin ran Malama, to ka yabi kujerar. Wata ɗalibarta ta taɓa cewa, "Kai Malama, kujerar nan ta huce miki gajiya." Sai ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Allah Ya ba ki irinta in kina sha'awa." Daga ranar ba wanda ya sake tankawa.

Ba a haifi Radiyya da kujera ba. A Ringim aka haife ta, gidan Malam Nata'ala mai karantar da fiƙihu a zaure, kuma a lokacin siririya ce kamar sillen kara, har yayyenta maza suna tsokanarta wai kada ta fita ranar iska. Ta yi karatunta a bayan ƙyauren zaure, tana jin abin da ake biya wa manya tana haddacewa, har mahaifin ya gane cewa amsar da ɗalibansa ke lalube tana fitowa ne daga cikin gida. Sai ya jawo ta gabansa. A cikin abubuwan da ya dasa mata akwai hukuncin jiƙo: in an jiƙa dabino ko zabibi a ruwa, a sha shi da wuri yana ruwan zaƙi, amma da zarar ya daɗe ya fara kumfa yana huci, to ya tashi daga abin sha, a zubar. Radiyya ta riƙe wannan, ta kuma koyar da shi ga mata ba adadi. Ku riƙe shi ku ma, don za mu dawo kansa.

Aure ne ya kawo ta Dutse. Ta auri Idirisu, malamin dabbobi, ɗan Fulanin da iyayensa suka bar yawo suka zauna. Mutum ne mai sanyin hali, in ya dawo daga rigakafin shanu yana warin garke sai ya tsaya a ƙofa ya ce a ba shi ruwa tukuna, kada ya ɓata wa Malama ɗaki. Shi ya fara kiranta Malama, unguwa ta ɗauka. Tare da shi ta samu yayarsa, Adda Iyatu, doguwar mace fara mai saurin magana da saurin tafiya, wadda ta yi tallan nono tun tana yarinya kafin ta koma haɗa magungunan mata a gida. Mutane suna cewa dangin miji sai haƙuri. Ban da waɗannan biyu. Adda ce ta yi wa Radiyya wankan jego a duk haihuwarta, ita ta fara goya Khaulat, 'yar autar Malama, kuma ranar da aka shigo da gawar Idirisu bayan hatsarin mota a hanyar Kafin Hausa, a cinyar Adda Radiyya ta suma, a cinyarta ta farfaɗo.

Jiki kuwa tun haihuwa ya fara buɗewa, amma takaba ce ta ƙarasa shi. Zaman ɗaki, ga maƙwabta kowa na aiko da kwano, wannan dambu, wancan alkaki, ga baƙin cikin da ba ya barin mutum ya san ya ƙoshi. Ta fita takaba da wani jiki daban, kuma bai tsaya ba. Gwiwoyi suka fara ƙara in za ta tashi. Wata rana a sallar Azahar ta yi sujada ta nemi ɗagowa, gwiwar dama ta ce ba ta san zance ba. Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, zufa ta karyo mata. Adda Iyatu da ke tsakar gida tana tsince shinkafa ita ta ji nishi, ta shigo a guje ta sa hannu a hammatarta ta ɗaga ta, tana cewa, "Sannu matar ƙanina, sannu, ina nan." Washegari Adda ta je kasuwa ta sayo kujerar.

To Malama ta san hukunci sarai. Ita ce mai gaya wa tsofaffi cewa wanda bai iya ba ya zauna, ladansa cikakke. Amma faɗa daban, a kanka daban. Tabon sallar da ke goshinta tun tana budurwa ya fara dusashewa, kuma duk sanda ta duba madubi nan idonta yake fara sauka. Ba ta son kyau, ba ta son ta shiga tsofaffin kayanta, ba ta damu da masu ce mata "Hajiya an samu hutu" ba. Abu ɗaya take so a duniyar nan: goshinta ya sake taɓa ƙasa.

A asibiti ta haɗu da Likita Mahbuba, yarinyar da ta taɓa zama a ajinta tana koyon alwala. Likitar ta duba hoton gwiwar ta ce, "Malama, ƙashin bai lalace can ba, nauyi ne ya yi masa yawa. In kika rage jiki sosai, ina kyautata zaton za ki koma sujada." Malama ta riƙe hannunta ta ce, "Maimaita." Ta maimaita. Malama ta fito daga asibitin nan tana jin kamar an yi mata albishir da kujerar Makka, ta kuma ƙudurta a ranta cewa azumi mai zuwa a ƙasa za ta yi asham.

Kuma wallahi ta yi ƙoƙari, kowa shaida ne. Matar da lemon kwalba ba ya yanke mata ta daina ko kallonsa. Tuwo ya koma malmala ɗaya ƙarama, miya ba a ambaliya mata mai, ga zogale da rama kamar akuya, in ji ta. Bayan Asuba ta saka takalmin Khaulat ta fita, ta bi layi har inda ake hango duwatsu ta dawo, masu kosai suna yi mata sannu. Sikelin asibiti ya fara sauka, a hankali dai, amma yana sauka. Har ta kai tana iya durƙusawa rabi in ta dafa gado. Sai dai Malama mutum ce mai gaggawa, tana lissafin watannin da suka rage tana ganin tafiyar ta yi mata hawainiya.

A nan Adda ta shigo da gorar ruwa cike da wani jan abu mai sanyi, ta ajiye a gabanta.

"Ga shi, na haɗa miki da hannuna. Tsimin rage teɓa ne. Wannan wahalar da kike sha da sassafe kamar mai neman ɓataccen ɗan maraƙi, ki bar magani ya taya ki."

"Me da me ke ciki, Adda?"

"Abin da kika sani. Dabinonmu na nan Dutse, tsamiya, citta, kanumfari, masoro, mazarƙwaila, sai saiwoyi biyu na wajenmu."

Jin dabino ya sa Malama ta ajiye gorar. Ta ce, "Kwana nawa yake yi a jiƙe?"

Adda ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce, "Haba Malama, ni za ki yi wa karatu? Jiya na zuba ruwa, yau na tace."

Malama ta yi bismilla ta sha. Zaƙi, tsami, ga yajin citta da ya rufe komai, sai wani ɗumi da ya bi maƙogwaro ya sauka ƙirji. Kada wani ya ce ai da ta ji wari. Warin me? Matar da ta tashi a zauren Malam Nata'ala ta tsufa a Islamiyya, a ina za ta san warin abin da ba ta taɓa gani ba ko a kwalba? Da ta ce kanta yana ɗan juyawa, Adda ta yi dariya ta ce, "Alhamdu lillahi, ya karɓe ki. Kitse ne yake narkewa."

Aka tsara mata kofi ɗaya bayan Magariba. Ba a jima ba ya zama biyu, don Adda ta ce jikinta babba ne. Kuma maganar gaskiya, Malama ta ji daɗinsa. Da ta sha sai gwiwa ta yi shiru, ƙirjin da ya yi mata nauyi tun rasuwar Idirisu ya saki, ta zauna tana ba Khaulat labarin Ringim tana dariya har da hawaye. Khaulat ta ce, "Umma, rabon da in ji dariyarki haka tun Abba yana nan." Sai dai bayan dariyar wata yunwa ce take taso mata mai ban tsoro. Matar da ta riƙe bakinta tun safe sai ga ta tana aika a sayo tsire, ko ta buɗe tukunya ta gama da sauran tuwon da aka ajiye don ɗumame. Ta kwanta kamar an jefar da buhu, ta farka tsakiyar barci da ƙishirwa, ta tashi da ciwon kai. Tafiyar safe ta koma yau a je gobe a fasa, daga baya takalmin ya koma wajen mai shi. Sau da yawa sai Khaulat ta girgiza ta kafin ta tashi Asuba, ita da ladan yake tarar da ita a zaune.

Ɗalibai kuwa sun ga fara'ar Malama sun tambaya. Ita kuma da zuciya ɗaya ta ce, "Addata ce take haɗa mini tsimi, ku je ku ce ni na turo ku." Me ya fi wannan talla? Kafin wata biyu matan Takur sun san hanyar gidan Adda Iyatu, kowa na cewa a ba ta tsimin Malama. Adda ta sake rufin ɗakinta, ta sayi firji.

Sikeli ne kawai bai san kara ba. Ya tsaya cak, sannan ya juya ya fara hawa, har ya wuce inda aka faro. Ciki ya ƙara fitowa, fuska ta kumbura. Malama ta gaya wa Adda, Adda ta ce haka yake yi, sai ya tattaro kitsen wuri ɗaya kafin ya fitar, a ƙara rabin kofi. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, duk tsawon watannin nan Malama kanta take zargi. Tana zaune a kan kujera bayan sallah tana cewa, "Radiyya ba ki da zuciya, an ba ki magani kin kasa riƙe bakinki." Har istigfari take yi a kan kwaɗayi.

Ana saura 'yan makonni azumi ta koma asibiti. Likita Mahbuba ta duba sakamakon gwajin jini, ta sake dubawa, ta tashi ta tura ƙofa.

"Malama, hantarki tana nuna wahala, ga kitse ya taru a kanta. Ƙiba kaɗai tana iya kawo haka, amma a baya ba haka take ba. Zan yi miki wata tambaya, don Allah ki yafe mini, aikina ne ya sa. Ko akwai wani abu mai sa maye da yake shiga bakinki?"

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, "Mahbuba! Ni? Ni kike tambaya ko ina shan giya? Ni da na koya miki wanke ƙafa?"

Likitar ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. Ta ce, "Na san ko ke wace ce, Malama. Shi ya sa nake tambaya ko akwai wani abu da ake ba ki, jiƙo ko tsimi."

Gorar tana cikin jaka, don ranar Malama ta biya gidan Adda ta karɓo sabuwa, gorar kuma ta sha rana a adaidaita. Ta ciro ta dangwarar a tebur cikin fushi ta ce ga abin da take sha, dabino ne da citta, a duba. Likita ta murɗa murfin. Gorar ta yi tsiii, kumfa ta taso har wuya. Ba sai an yi wa 'yar Malam Nata'ala bayani ba. Kullum da sanyinsa ake kawo mata daga firji, a tace, a kwance, ba ta taɓa ganin ya sha zafi ba sai yau. Ta kalli kumfar nan tana hawa, ta ji muryar mahaifinta a zaure.

Likita ta shinshina ta rufe. Ta ce ba za ta rantse da yawansa ba sai an gwada, amma wannan ya riga ya zama barasa. Sannan ta yi mata bayani a hankali, kamar yadda Malamar take yi wa sababbin ɗalibai. Ta ce hanta ita ce mai sarrafa kitse, amma jiki yana ɗaukar barasa a matsayin guba, don haka da ta shigo sai hanta ta ajiye duk aikin da ke hannunta ta koma kanta, kamar matar da ke tuƙa tuwo aka ce mata wuta ta kama labule. Muddin tana wannan fama, kitse yana nan zaune, abin da aka ci kuma ya samu wurin kwanciya. Ita kanta barasar tana da nauyin abinci kusan na mai, alhali ba ta ƙosarwa, ga ragowar mazarƙwaila a kai. Tana buɗe ciki, tana kashe kunyar ci, tana lalata barci, wanda bai yi barci ba kuma gobe yunwarsa ta fi ta jiya. Ta ce, "Duk abin da kika tara da safe, Malama, kofin nan yake kwashewa da yamma."

Malama ta yi tambaya ɗaya. "Azumin nan zan yi sujada?"

Likita ta ce, "Ba na jin bana ne."

Malama ba ta koma gida ba. Ta ce wa mai adaidaita ya kai ta gidan Adda, a hanya tana ta nema mata uzuri. Wataƙila ba ta sani ba. Wataƙila zafin gari ne ya juya shi. Mace ce da ba ta yi karatu ba, rashin sani ya fi dare duhu. Ta shiga da sallama ba ta jira amsa ba, ta wuce ɗakin baya inda ba a taɓa kai ta ba, don kullum a falo Adda take tare ta da tabarma da fura. Manyan jarkoki ne jere a jikin bango, duk sun kumbura kamar cikin jaki, an sassauta murafensu suna huci, kumfa ta bushe a gefensu, ƙananan ƙudaje suna ta shawagi. Adda na tsugune tana tacewa da farin ƙyalle. Da ta ɗago ta ga Malama, sai ƙyallen ya faɗi cikin roba.

"Adda, kin ce mini jiya kike zuba ruwa yau ki tace."

"Ai haka ne. Ruwan na jiya ne."

"Na ƙasan fa?"

Adda ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce, "Wannan uwa ce. Ko nono in za ki kwantar sai kin bar tsohon a ƙwarya ya kama sabon, ke ma kin sani. Ba a wanke jarkar, in an ɗiba a sama sai a ƙara dabino da ruwa. In babu uwa ai ruwan zaƙi ne kawai, wa zai dawo ya saya?"

"Tun yaushe uwar take ciki?"

Adda ta sunkuya ta tsamo ƙyallen daga roba.

"Ke kina sha?"

"Ni ai ba ni da ƙiba."

"Ba shi na tambaye ki ba. Na ce kina sha? Kin taɓa ba 'ya'yanki?"

Kafin Adda ta buɗe baki, sai wata muryar namiji ta taso daga zaure, ƙatuwar murya irin ta tasha. "Salamu alaikum! Adda, direbobin Ringim ne suka aiko ni. A ba mu Malama-ta-yarda, gora huɗu, mai ƙarfin nan irin na jiya!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama ta dafa bango. Ashe har suna gare shi a tasha. Ashe ƙartin da ke neman abin da zai ɗauke musu kai sun samu wanda ba mai kama su da shi, in an yi magana su ce ai Malamar Islamiyya ma shi take sha. Sunan da Idirisu ya sa mata, sunan da ta yi shekaru tana wankewa, shi ake kira a bakin zaure ana neman maye.

Adda ta leƙa ta ce wa mutumin babu, ya dawo gobe. Ta dawo ta tsaya, kuma maimakon ta durƙusa sai ta ɗaga murya, irin ta wanda aka kama.

"To na sani! Na sani, sai me? Ni na ga yadda kika koma bayan Idirisu, kina zaune kamar an dasa ki, ba magana ba dariya. Na ba ki abu kin yi dariya, Khaulat da bakinta ta zo tana yi mini godiya. Ban ɗauke shi giya ba, giya ai ta kwalba ce ta arna. Wannan dabino ne, da hannuna na wanke."

"Da ba ki ɗauke shi giya ba, da kin gaya mini gaskiya ranar da na tambaye ki."

"Da na gaya miki ai ba za ki sha ba."

"Shi ne nake faɗa, Adda."

Malama ba ta yi ihu ba, ita da ake jin muryarta daga aji har bakin titi. Ta ce, "Kin san abin da nake nema. Ke kika ɗaga ni daga ƙasa ranar nan, ke kika ji abin da na faɗa ina kuka. Kina kallo ina hawa sikeli ina saukowa ina zagin kaina, kina ce mini in ƙara rabin kofi. Da wani ne can ya yi mini, wallahi da na ce duniya ce. Amma ke?" Ta juya ta fita tana jan ƙafa. Adda ta biyo ta tana "matar ƙanina, tsaya ki ji," ba ta waiwaya ba.

Washegari a aji ba ta buɗe littafi ba. Ta gaya wa matan abin da ke cikin gorar, ta ce duk mai shi a gida ta zubar, mai ciki ko mai shayarwa da ta sha ta je asibiti a duba ta, kuma ita ce ta tura su, su yafe mata. Wasu suka yi salati, wasu suka yi kuka, wata daga baya ta ce a hankali, "Shi ya sa." Da suka tambayi hukuncin sallolinsu, ta ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, kuma ta faɗe shi da ƙarfi don ta ga yadda suka tsorata. Game da Adda kuwa ba ta ƙara komai ba, ko kalma ɗaya. Maganar ta kai inda za ta kai da ƙafarta, hukuma ta zo ta kwashe jarkokin, Adda ta tafi wajen 'yarta a wani gari. Ta aiko mutane sau biyu a ba da haƙuri. Malama ta ce ta ji.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba sai Likita Mahbuba shi ne abin da yake faruwa da ita in rana ta faɗi. Da an kira Magariba sai maƙogwaronta ya bushe, hannunta ya fara neman kofin nan mai ruwan ƙasa, ranta ya yi ta ɓaci ba dalili har ta daka wa Khaulat tsawa a kan murfin tukunya. Tana son abin. Ita, Radiyya 'yar Malam Nata'ala, tana zaune da carbi a hannu tana kewar giya. Wannan ne ba ta iya yafewa ba, ya fi mata ciwo a kan sunan da aka kai tasha. Likita ta ce zai wuce a hankali, ta ba ta abin da zai taimaka, ta ce a koma tafiyar safe daga farko. Malama ta fasa kofin da take shan tsimin da shi, ta karɓi takalmin Khaulat ta koma.

Ranar da aka ga wata, unguwa ta cika da hayaniya, yara suna ta murna a layi. Khaulat ta tafi masallaci asham da maƙwabta. Malama ta ce ita a gida za ta yi. Ta shimfiɗa darduma, ta jawo kujerar kamar kullum, sai ta tsaya tana kallonta. Ta tuna wadda ta sayo ta. Ta sa ƙafa ta ture ta gefe, ta tayar da sallah a tsaye.

Ta yi ruku'u lafiya. Da ta zo sauka, gwiwar dama ta yi wata ƙara, zafi ya harba har ƙugu, amma ta saki jiki ta tafi, ta dafa da hannu biyu, goshinta ya taɓa ƙasa. Allah Sarki. Ƙanshin dardumar ma ta manta shi. Ta yi tasbihi tana kuka, ta daɗe, ta faɗi duk abin da ta tara shekaru ba ta faɗa a wannan wurin ba.

Sannan ta nemi ɗagowa, gwiwa ta ƙi. Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, zufa ta karyo mata kamar wancan karon. Gidan shiru, ba kowa a tsakar gida. Bakinta ya buɗe da kansa zai yi kira, kuma sunan da ya zo kan harshenta shi ne wanda ya saba zuwa duk sanda ta faɗi tun tana amarya. Ta ji shi sarai, har ta fara, "Ad..." Sai ta datse leɓenta ta haɗiye sauran.

Ta mayar da goshinta ƙasa, ta zauna a haka tana jiran Khaulat ta dawo daga masallaci.